Dariya A Kan Jini: Raddi Ga Masu Cewa "Ai Wasa Ne Kawai"

 

Ya 'yan uwa Musulmi, akwai wani nau'i na wasan kwamfuta da ya shigo ɗakunan samarinmu ba sallama. Iyaye suna jin ƙarar harbi da shewa ta bayan ƙofa, suna cewa gara wannan da yawon banza. Idan aka yi wa samarin magana kuwa, amsarsu ɗaya ce kamar sun haɗa baki: ai wasa ne kawai, ban dariya ne, kuma haɗin kai muke koya. Wannan amsa ita muke son aunawa a wannan wata da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna, bisa fahimtar magabata na ƙwarai. Tun da yake malaman usulu sun tabbatar cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa, ba za mu yi irin ta mai wa'azin da ke hawa mumbari ya la'anci abin da bai san kamanninsa ba. Bari mu fara da bayyana abin.

Wasa ne da ake yi a kwamfuta ko a na'urar wasa irin PlayStation da Xbox. Mai wasan ba ya ganin jikin jarumin da yake sarrafawa. Abin da yake gani a allo shi ne abin da idon jarumin ke gani: hannu biyu, da bakin bindiga, da wanda za a harba. Wato an zaunar da shi a cikin ƙoƙon kan maharbin, ya zama shi ne mai ɗana kunama. Asalin shaharar wannan salo tana komawa ga wani kamfani na Amurka mai suna id Software, wanda ya fitar da Wolfenstein 3D a 1992, sannan Doom a 1993. Tun a Doom ɗin nan aka ba mutum huɗu damar haɗa kwamfutocinsu su shiga fage ɗaya, ko dai su yaƙi juna, ko su taru su yaƙi dodanni. Daga baya sai 'yan kasuwar wannan sana'a suka gano cewa firgici kaɗai yana gajiyar da mai saye, amma idan aka gauraya shi da barkwanci, aka kuma haɗa shi da abokai, to, mutum zai kwana a kai bai sani ba.

Mafi shahara a wannan gauraye shi ne jerin wasannin Borderlands, na kamfanin Gearbox da ke jihar Texas ta Amurka. Na farko ya fito a 2009, na biyu a 2012, na uku a 2019, na huɗu a 2025, kuma na biyun kaɗai an sayar da fiye da kwafi miliyan 25. Labarinsa ya fara ne a wata duniya ta ƙage da suka kira Pandora, ƙasar da babu hukuma babu shari'a, cike da 'yan fashi da mahaukata masu rufe fuska. Mutum huɗu ke haɗuwa ta intanet a matsayin mafarautan wata ɓoyayyiyar taska. An zana komai da launi mai haske irin na zanen yara. Harbi a kai ya fi lada, lambobi suna tashi daga jikin wanda aka harba suna nuna yawan ɓarnar da aka yi masa. Akwai bindigar da ke cinna wa mutum wuta, akwai mai narkar da shi da ruwan guba, akwai mai jan sa da lantarki, kuma yana cikin ƙonewa ake sa masa maganar ban dariya a baki. Idan ya faɗi, sai kuɗi da makamai su zubo daga gawarsa, a yi wawaso. An raba makaman nan daraja-daraja da launi, daga fari zuwa kore, zuwa shuɗi, har zuwa ruwan lemo wanda yake da wuyar samu ƙwarai, kuma ba wanda ya san gawar da za ta fitar da shi. Saboda haka za ka ga yaro ya kashe abokin gaba ɗaya sau talatin, yana fita yana dawowa, ko ya dace. Kamfanin ya yi tallar wasa na uku da cewa akwai bindigogi sama da biliyan ɗaya a cikinsa. Wannan shi ne abin alfaharinsu.

Kada mai karatu ya ce mun yi ƙari, ga misalai daga wasa na biyu. Akwai wani aiki da ake ba mai wasa, inda wani mahaukaci ke tsaye yana kururuwa yana roƙon a harbe shi a fuska. Aikin ke nan, ba ƙari. Ka harbe shi, ya yi maka godiya, a rubuta maka lada. Akwai wani kuma wanda mugun labarin, Handsome Jack, yake yi wa mai wasa tayin lada idan ya faɗa rami ya kashe kansa, kuma sunan aikin ma ke nan, wato kashe kanka. A garin da jaruman ke hutawa akwai mashaya ta wata mace mai shigar banza, da na'urorin caca jere a bango, mai wasa yana zuba kuɗin da ya kwasa daga gawawwaki yana ja. Idan kuwa shi kansa ya mutu, wata na'ura ce ke sake ƙera shi nan take, ta cire wani kaso daga kuɗinsa, wata murya kuma ta yi masa barkwanci, wani lokaci a kan lahira da wuta, tana nuna masa kada ya damu da su. Subhanallahi! Su kansu hukumomin tantance wasanni na can sun rubuta a jikin kwalin cewa a Amurka na ɗan shekara 17 ne zuwa sama, a Turai na ɗan 18. Mu kuwa ɗan shekara 11 ke riƙe da shi, uban ya saya masa saboda ya ga zane irin na yara.

Adalci ya wajabta mu ce ba dukansu ne suka kai wannan ba. Akwai Deep Rock Galactic, wanda wani ƙaramin kamfani na ƙasar Denmak ya kammala a 2020, inda wadanni huɗu masu haƙar ma'adinai ke shiga kogo suna harbin manyan ƙwari. A nan ba mutum ake kashewa ba, kuma wannan bambanci ne da shari'a take dubawa. Sai dai a can ma, wurin taruwar 'yan wasa kafin aiki da bayansa mashaya ce, ana ɗaga kofin giya ana sha har jarumi ya faɗi a sume, harsashin aboki kuma yana kama aboki, abin ya zama na dariya. Mun sani kuma cewa mafi yawan samarinmu ba su da kwamfutar da za ta ɗauki waɗannan. Abin da ke hannunsu a waya shi ne PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile. Waɗannan ba a gina su kan barkwanci ba, amma tsarin ɗaya ne: ƙungiyar abokai, murya a kunne, harbi, wawason kayan gawa, da rawa a kan wanda aka kayar. Barkwancin da kamfani bai rubuta ba, yaran sun rubuta shi da bakinsu.

To, mene ne abin da muke ƙi? Ba mu cikin masu haramta kowane sabon abu don kawai daga Turawa ya zo. Asali a cikin al'amuran duniya halacci ne har sai dalili ya zo, kuma wanda ya haramta abin da Allah bai haramta ba ya ƙirƙira wa Allah ƙarya, daidai da wanda ya halatta haram. Kwamfuta kayan aiki ce, ita muke buga wannan mujalla da ita. Abin da muke ƙi shi ne aure da aka ɗaura tsakanin abu biyu da Musulunci ya raba: zubar da jini da dariya. Sannan aka kawo abokai su zama shaidun auren.

Ku dubi matsayin jini a wannan addini. A aya ta 32 ta Suratul Ma'ida Allah Ya daidaita kisan rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kisan mutane baki ɗaya. A aya ta 93 ta Suratun Nisa'i Ya tara wa mai kashe mumini da gangan azabobi a jere, irin tarin da ba kasafai ake ganinsa a kan zunubi ɗaya ba. Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar alƙiyama. Sunna ba ta tsaya ga kisan kansa ba, ta kewaye shi da shinge mai nisa. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami, ya kuma faɗi dalili, cewa Shaiɗan na iya fizgar hannunsa. Ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da nufin raha, ya farka a firgice, sai Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa bai halatta a tsorata Musulmi ba. Igiya fa! Ya hana musula, wato yanka gaɓoɓin gawa da wulaƙanta ta, ko da ta abokin gaba ce a fagen fama. Ya bayyana cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. An wuce da gawar Bayahude ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko ta wace ce, ya tunatar da su cewa ai rai ce. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka hango shi suka watse, ya gaya musu cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin bara.

Za su ce: duk wannan a kan rai na gaskiya ne, namu kuwa zane ne, babu wanda ya mutu. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a yi wa yaro ƙisasi ko a ɗora masa diyya saboda ya harbi zane. Amma ku sake duba nassosin nan. Mamacin da aka hana karya ƙashinsa ba ya jin zafi. Gawar da aka miƙe mata ba ta san an miƙe ba. Wanda aka nuna da makami cikin wasa, galibi ba abin da ke samunsa. To, wa ake karewa? Ana kare alfarmar rai, ana kuma kare zuciyar mai aikatawa, domin ta ci gaba da jin nauyi duk lokacin da aka ambaci mutuwa. Wannan nauyi shi ne shingen ƙarshe tsakanin mutum da ɓarna a wurin da babu ɗan sanda. Shi kuwa wasan nan, aikinsa na awa bayan awa shi ne ya nuna maka mutum yana ci da wuta, ya sa ka dariya, ya ba ka lada, abokanka uku su taya ka. Zanen ƙarya ne, mun yarda. Dariyar fa? Ita ma zane ce? Daga ƙirjin wa ta fito?

A nan wasu masu ilimin boko daga cikinsu sukan kawo hujjar da suke gani ta yanke magana. Sukan ce masana halayyar ɗan Adam sun bincika ba su tabbatar cewa wasan harbi yana mayar da mutum mai kisa ba. Ba mu musa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujja da za a jingina aikata ta'addanci ga waɗannan wasanni, ko da yake ta riƙe cewa akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da zafin rai kamar tsawa da ture-ture. Ba za mu ƙirƙiro alƙaluma don mu ci gardama ba, ƙarya haram ce ko a kan Shaiɗan. Kuma ɗan bindigar da ke dajin Zamfara ba a Borderlands ya koyi sana'arsa ba. Sai dai wannan hujja ta amsa tambayar da ba mu yi ba. Su suna auna abin da ke kai mutum kurkuku. Mu muna magana a kan ƙeƙashewar zuciya, cutar da Alƙur'ani ya zargi Banu Isra'ila da ita, wadda ba ta da ma'auni a ɗakin bincike. Mutum na iya rayuwa shekara saba'in bai mari kowa ba, alhali zuciyarsa ta mutu tun yana ɗan ashirin. Alamarta a bayyane take: a karanta masa ayar azaba bai ji komai ba, a kai shi maƙabarta yana duba waya, mota ta kife da mutane ya ciro waya yana ɗauka maimakon ya kama. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito gargaɗin Annabi (S.A.W.) cewa yawan dariya yana kashe zuciya. Wannan dariya ce a kan abin dariya. Ina ga dariya a kan gawa?

Har ila yau, idan abin da ake maimaitawa a allo ba ya barin komai a zuciya, don me rundunar sojan Marines ta Amurka ta gyara wasan Doom a 1996 don horar da ƙananan rukunoni na mutum huɗu? Don me sojan Amurka suka kashe kuɗin gwamnati suka fitar da wasan America's Army kyauta a 2002, suka riƙe shi shekara ashirin a matsayin hanyar jawo matasa aikin soja, sai a 2022 suka rufe? Masu abin sun san yana tasiri, mu da muka saya ne muke rantsuwa ba ya yi. Kuma ba mu manta ba, azzalumin da ya shiga masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, ya kashe masallata 51, kyamara ya ɗaura a kansa ya watsa ta'asar kai tsaye a Facebook: hannu biyu, bakin bindiga, da wanda za a harba. Ba mu ce wasa ne ya sa shi ba, ƙiyayyar Musulunci ce ta sa shi. Amma akwai masu kallon da idonsu ya riga ya saba da wannan kusurwa.

Shubuha ta biyu ita ce ta haɗin kai. Sukan ce a wasan nan ba juna muke kashewa ba, taimakon juna muke yi, idan ɗayanmu ya faɗi sai wani ya ruga ya tashe shi, muna raba makamai, muna koyon sadaukarwa. Har wani ya ce mana ai ta'awuni ne. To, aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da ta yi umarni da taimakon juna, ita ce ta ƙayyade a kan me, ita ce kuma ta hana shi a kan saɓo. Haɗin kai a kan kansa ba falala ba ne, ɓarayin shanu ma suna da shi, kuma sun fi mu iya raba ganima. Mu a ganinmu wannan haɗin kan shi ne ƙugiyar da ta fi kama yaro. Wanda yake wasa shi kaɗai yana iya tsayar da shi ya tashi. Wanda yake tare da mutum uku ta intanet ba shi da wannan dama, domin fagen ba ya tsayawa saboda mutum ɗaya. Sai ladan ya kira salla ana tsakiyar artabu, yaro ya tsinci kansa tsakanin jam'i biyu: na masallaci da na allo. Idan ya tashi, abokai za su faɗi, za a zarge shi da cin amana, gobe ba za a gayyace shi ba. Idan ya zauna, liman ba zai zo ya tuhume shi ba. Kowa ya san wanda ke yin nasara a mafi yawan lokuta. Sun ɗauki kyakkyawar ɗabi'ar da muke koya wa 'ya'yanmu, wato kada ka yar da ɗan uwanka, sun mayar da ita igiyar da ke ɗaure shi ga barin salla. Ga kuma abin da ke yawo a cikin na'urar kunne: ashar, zagin uwa, batsa, da baƙin da uba bai san daga wace ƙasa suke magana da ɗansa da ƙarfe biyu na dare ba.

Allah Ya ambaci illar giya da caca a aya ta 91 ta Suratul Ma'ida, Ya haɗa da kange mutum daga ambaton Allah da salla. A kan wannan illa malamai suka gina maganarsu game da wasannin zamaninsu. Muslim ya ruwaito tsananin gargaɗi a kan wasan nardi, Imamu Malik ya ƙi wasan shaɗaranji, Shaihul Islam Ibnu Taimiyya kuma ya bayyana cewa duk saɓanin da ke kan shaɗaranji yana ƙarewa idan ya shagaltar daga wajibi, a nan kam haramcinsa babu jayayya. Shaɗaranji fa gumakan itace ne a kan allo, babu jini, babu kiɗa, babu mace tsirara, babu na'urar caca. Da Malik ya ga Pandora, me kuke zaton zai ce?

Shubuha ta uku ta fi dabara: ai Annabi (S.A.W.) ya kwaɗaitar da harbi, kuma ya yi raha. Haka ne, kuma muna alfahari da hakan. Ya wuce wasu daga Banu Aslama suna gasar harbi ya ƙarfafa su. Ya bar Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallaci, Nana A'isha (R.A.) tana kallo ta bayansa. Ya yi tsere da ita. Ya yi wa wanda ya nemi abin hawa raha cewa zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya yi mamaki, alhali kowane raƙumi ɗan taguwa ne. Ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umair labarin ɗan tsuntsunsa. Ibnul Ƙayyim ya rubuta littafi sukutum, Alfurusiyya, a kan harbi da sukuwa da gasa. Addininmu ba na ɗaure fuska ba ne, kuma masu zarginmu da ƙin farin ciki ba su karanta Sunna ba. Amma ku nuna mana wuri ɗaya a cikin rahar nan da aka yi dariya ga mutuwa, ko aka yi wa tashin alƙiyama ba'a. Harbin Banu Aslama yana gina damtse, yana koya wa ido saiti, yana shirya mutum kare garinsa. Wanda ya shekara biyar yana latsa maɓalli, in ka miƙa masa baka ba zai iya ɗana ta ba, in ɓarawo ya haura katanga shi ne farkon shiga ƙarƙashin gado. Ƙiyasin wannan a kan wancan ƙiyasi ne tare da bambanci, kuma ɗalibin shekarar farko a usulu ya san hukuncinsa.

Batun na'urar da ke tayar da matacce tana barkwanci da lahira kuwa, ya fi ƙarfin a kira shi shagala. Ba mu kafirta yaron da ya ji ya wuce, Allah Ya tsare mu da gaggawar kafirtawa. Amma muna tunatar da shi cewa a aya ta 65 da ta 66 ta Suratut Tauba, uzurin da masu izgili suka kawo shi ne wasa suke yi, kuma ba a karɓa ba. Aya ta 140 ta Suratun Nisa'i ta hana zama a majalisar da ake izgili da ayoyin Allah. Majalisa ba sai mai tabarma ba. Masu yin waɗannan wasanni ba su san alfarmar abin da muke girmamawa ba, ko sun sani ba su damu ba sai kasuwa ta girgiza. A 2020 PUBG Mobile ya sa wani yanayi da ɗan wasa ke rusuna wa gunki don ya sami ƙarfi, sai da Musulmi suka yi ca aka cire. A 2021 aka ga shafukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa cikin Call of Duty: Vanguard, kamfanin ya cire ya ba da haƙuri. Abin da aka gani aka yi magana ke nan.

Saura mai cewa: ni awa ɗaya nake yi a mako, ina sallata a kan lokaci, kuma ƙwari nake harbi ba mutane ba. Wannan ba mu da hujjar da za mu ce ya aikata haram, matuƙar ya kauce wa giyar da cacar da kiɗan, kuma ba za mu faɗi abin da ba mu da hujja a kansa ba. Sai dai muna tuna masa ƙa'idar da Imamu Shaɗibi ya shimfiɗa a Almuwafaƙat, cewa abu yana iya zama halal idan an dube shi sau ɗaya, ya zama abin ƙi idan ya zama ɗabi'a ta kullum. Muna kuma tuna masa cewa ba a ƙera wasannin nan don mai awa ɗaya ba. Launin makaman nan da rashin sanin gawar da za ta fitar da su, dabara ce irin ta gidan caca, an auna ta don ta hana ka tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, jerin ya fara aiki a 2022. Ƙasar Sin, wadda kamfaninta Tencent ke bayan PUBG Mobile, ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku kacal a mako a 2021. Mai dafa abin ya hana 'ya'yansa ci sai da cokali, mu mun ba namu tukunyar.

Ya 'yan uwa, wannan magana ta fi nauyi a kanmu fiye da kan yaron Texas ko na Denmak. Shi bindiga a allo yake ganinta ya tashi ya sha shayi. Mu kuwa mun ɗauki gawawwaki sama da ɗari daga babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamba 2014. Mun yi jana'izar manoman shinkafa 43 na Zabarmari a rana ɗaya a Nuwamba 2020. Akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da ba a noma sai an biya 'yan bindiga, su kuma suna fitowa a TikTok suna baje kuɗi suna wasa da bindiga, dubban 'ya'yanmu suna bin su suna dariya, wasu har da roƙon a sammusu. Muslim ya ruwaito cewa zamani zai zo da mai kisa bai san don me ya kashe ba, wanda aka kashe bai san don me aka kashe shi ba. Al'ummar da ke cikin wannan hali, abin da ya rage mata mai tsada shi ne zukatan da har yanzu suke karaya idan sun ga jini. Da waɗannan zukata ake kai wa 'yan gudun hijira abinci, da su ake ƙin karɓar kuɗin ɗan leƙen asirin ɓarayi, da su ake tsayawa a raba faɗa kafin a zare wuƙa. Ba mu da rarar da za mu ƙona a gaban allo. Yaya saurayi zai dawo daga ta'aziyyar maƙwabcin da aka harbe a hanyar gona, ya cire hula, ya sa na'ura a kunne, ya kwashe dare yana shewa saboda kan wani ya tarwatse?

Saboda haka muna kira ga iyaye maza, domin su za a tambaya. Kada uba ya sayi abin da bai zauna ya kalla ba. Ya duba lambar shekarun da ke jikin kwali ko shafin saukewa, ya zauna minti talatin a bayan ɗansa ya ji abin da ake faɗa, ya fitar da na'urar daga ɗakin kwana zuwa falo. Fasa waya da bulala ba su gyara kowa ba, sai dai su koya wa yaro ɓoyewa a gidan aboki. Masu gidajen wasa na unguwanni su ji tsoron Allah, su rufe idan an kira salla, su hana ƙananan yara wasannin manya, su sani kuɗin da aka karɓa daga yaron da ya gudo daga Islamiyya akwai tambaya a kansa. Malamanmu na Islamiyya su san sunayen wasannin nan kafin su yi magana a kansu, domin yaro ba ya sauraron wanda ya gane bai san abin da yake suka ba.

Kira na ƙarshe ga rassanmu ne. Yaran nan abota suke nema, da gasa, da wurin da za a ce da su sun yi ƙoƙari, kuma idan muka rufe wannan ƙofa ba mu buɗe wata ba, za su koma ta taga. Kowane reshe da ke da fili a gefen masallaci ko makaranta ya ware yammacin Alhamis don tsere da kokawa da ƙwallo, a tashi kafin magariba. Inda aka sami mai koyar da harbin baka ko sukuwa a nemo shi a biya shi. 'Yan agaji su buɗe wa samari 'yan shekara 13 zuwa 18 horon taimakon gaggawa, a raba su rukuni-rukuni na mutum huɗu, a koya musu tsayar da jini da ɗaure karaya da ɗaukar wanda ya ji rauni zuwa asibiti. Shugabannin rassa su kawo rahoton abin da suka fara a taron wata mai zuwa.